Waiwaye: Ƙaurar Gwaggo da Buhunan Ƙyallayenta

A ƙasarmu ta Sakkwato, da zarar an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, sai ka fara ganin motocin a-kori-kura shaƙe da kaya a kan titin da ya fito daga birni ya ratsa Sifawa da Boɗinga ya nufi Shagari da Jega. Gado a kife, katifa a naɗe, turmi da taɓarya, kwallaye da tukwane, wani lokaci har da kaji a akurki. Lokacin tarewar amare ne, kuma lokacin da wanda Allah ya hore wa ya gama gini yake kwashe iyalinsa zuwa sabon gida. Duk wanda ya ga irin wannan mota zai ce Allah ya sa an shiga a sa'a. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me aka baro a baya? A yawancin ƙaurar da na shaida, abin da ake fara yasarwa shi ne kayan aikin hannun tsohuwar gidan. A kan haka waiwayenmu na yau zai tsaya, kuma zan kafa hujja da gwaggona ta Lambara, a ƙaramar hukumar Shagari, wadda ta yi mafi yawan rayuwarta tana harhaɗa ƙyallaye tana ɗinka barguna.

Gwaggo ba tela ba ce, ba ta kuma taɓa karɓar kuɗin ɗinki a hannun kowa ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne abin da take rufa wa kanta asiri da shi. Ɗinkin bargo sha'awa ce da ta taso ta tarar da mahaifiyarta tana yi, ita ma ta riƙe. Kowa a unguwar ya san tsarin yininta. Bayan sallar asuba da lazimi a kama aikin gida, da hantsi a yi suya a sallami 'yan talla, bayan azahar kuma ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke tsakar gida, ta jawo gwangwanin allurai da almakashi. Ba abin da ke tayar da ita sai sallar la'asar, ta idar ta dawo ta ci gaba har ido ya daina ganin kafar allura.

Ga yadda aikin yake. Idan tela ya yanka turmin atamfa mai yadi 6 ya fitar da riga da zane da kallabi, dole a samu ragowa, guntayen da suka faɗo daga wuya da hammata da gefe. Su Gwaggo ke aikawa a karɓo mata a leda. Takan fara da wanke su, don sitaci ya fita, wanda zai zuba kuma ya zuba tun kafin ya ɓata ɗan'uwansa. In sun bushe sai ta ware su kashi-kashi: atamfa da atamfa, shadda daban saboda taurinta, leshi kuwa ba ya shiga ko kusa domin iska na ratsa shi. Tana da wani ɗan kwali mai kusurwa huɗu wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, shi take ɗorawa a kan kowane ƙyalle ta yanka daidai da shi. Sai ta jera, mai duhu kusa da mai haske, ta haɗa su su zama layi, layi ya haɗu da layi har a samu fuskar bargo. Daga nan ta shimfiɗa tsohon zane mai ƙwari a ƙasa, ta sa tsohon gwado ko zannuwan da suka gaji a tsakiya, ta ɗora fuskar a sama. Yanzu ne babban aikin zai fara: bin bargon da allura layi-layi, tazarar yatsa biyu, daga tsakiya zuwa baki, domin in aka faro daga baki tsakiyar za ta tattare ta yi tudu. Takan goga wa zaren kyandir don kada ya harɗe. A yatsanta na tsakiya akwai ɗan zoben fata da wani baduku ya yi mata da fatar jar akuya, irin wadda ta fitar da sunan Sakkwato a duniya, da shi take tura allura ta ratsa ninki uku. Ƙarshe ta kalmashe baki.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce me za a yi da bargo a wurin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ya zo ya kwana a Lambara cikin Disamba ko Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa, ruwan randa ya gagari alwala, jarirai su kwana suna tari. Duk jaririn da aka haifa a danginmu a kan shimfiɗar Gwaggo ya yi sanyinsa na farko. Amarya za ta tare, a ƙasan akwatinta akwai bargon Gwaggo. Yaro zai tafi karatun allo ko makarantar kwana, shi ma da nasa.

Buhunanta kuwa tarihi ne. Za ta ɗauko guntu ta ce wannan ankon bikin wance ne, wannan zanen goyon wane ne, wannan kuma daga rigar da marigayi maigidanta ya je idi da ita. A wani ƙulli na daban take ajiye abin da take kira atamfar Kaduna, ba ta sa ta sai a bargon wanda take ji da shi. Tana da gaskiya. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau da Funtuwa, ana saƙa audugar da manomanmu suka noma. Wannan masaƙa ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Atamfar wancan zamani auduga ce zalla, tana karɓar allura tana riƙe ɗumi. Da yawa daga cikin wadda ake shigowa da ita yanzu an gauraya ta da roba, santsi gare ta, in ta kusanci wuta kuma narkewa take yi. Gwaggo ba ta san shekarar da aka rufe kowace masaƙa ba, amma yatsunta sun san lokacin da zane ya canja.

Kada kuma a ɗauka wannan ɗinki baƙo ne a ƙasar Hausa. Lifidin da muke gani a jikin dawaki ranar hawan salla irin wannan aikin ne: ninkin zane biyu, a cusa auduga a tsakiya, a bi da allura layi-layi har ya yi kaurin da kibiya ba za ta huda shi da sauƙi ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin da maza suka yi don yaƙi, mata sun yi shi don sanyi. A wasu ƙasashe ma haka ne. Matan Bangaladash suna ninka tsofaffin zannuwansu su ɗinke su su zama mayafi. A Amurka, matan wani ƙauyen baƙar fata mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona saboda talauci. A 2002 aka baje kolin aikinsu a babban gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki. Mu kuwa har yanzu tsummoki muke kiran namu.

Daminar 2020 ta zo da ruwa mai yawa. Ita ce shekarar da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ɗakunan ƙasa suka yi ta faɗuwa a ƙauyukanmu. Bangon bayan ɗakin Gwaggo ya tsage tun daga sama har ƙasa. Babban ɗanta, wanda dama yana ginin bulo a bakin gari kusa da titi, ya ce ba za ta sake ganin wata damina a ɗakin nan ba. Ya kyauta, Allah ya saka masa da alheri. Aka tsayar da tashi a watan Janairun 2021, watan da gobara ta cinye wani babban ɓangare na babbar kasuwar Sakkwato. Wani ɗan'uwanmu tela da ke aiko mata da ƙyallaye daga birni yana cikin waɗanda suka rasa shago a wannan gobara, don haka abin da ke cikin buhunanta ya ƙara daraja a idonta.

Ana saura 'yan kwanaki a tashi na je taya ta haɗa kaya. A lokacin tana tsakiyar wani babban bargo na jikarta da aka sa wa rana, ta gama fuska, ta haɗa ninki, ta bi kusan rabi da allura. Kwanuka da tufafi ba su ba ta wahala ba, duk yadda muka ɗaure ta yarda. Da aka zo kan buhunan nan ne ɗanta ya leƙo ya ce, "Inna, waɗannan tsummokin a bar su nan. Sabon gida ne, kada mu kai masa kyankyaso da ɓera. In bargo kike so, gobe in sayo miki guda biyu a birni."

Ba ta amsa masa ba, domin ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Sai da ya fita ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ki hwaɗa ma wancan, waɗanga ba tsummoki ba na. Kowane da mai shi. In ba su zuwa, ni ma a bar ni nan."

Na kai saƙo cikin ladabi, ya yi murmushi ya ce a sa su a mota. Ita da kanta ta shirya su. Ta zazzage kowane buhu ta shanya a rana, ta kakkaɓe, ta mayar tana barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro a tsakani saboda asu da gara. Bargon da ba ta gama ba ta ƙi yarda a ninke shi, ta ce layin zai goce. A kan taɓarya ta naɗe shi, ta rufe da tsohon zane, ta ɗaure da igiya. Duk da wannan hidima ba ta fasa zamanta na bayan azahar ba. Ɗaki ya zama wayam, tukwane sun shiga kwali, amma tabarma na gindin itace tana haɗa ƙananan guntaye. Maƙwabta suka yi ta shigowa sallama da neman gafara, kusan kowacce da ɗan ƙullin ƙyalle a hannu. Wadda ke da keken ɗinki Butterfly, wadda ke taimaka mata da haɗa dogayen layuka in idonta ya gaji, ta zauna har magariba ba ta iya cewa komai ba. Ranar tashi, gwangwanin allurai bai shiga mota ba. A haɓar zanenta ta ƙulle shi, ta tako da ƙafa tana bin yaran da ke kora awaki.

Sabon gida ya yi kyau, ba mai musun haka. Bulo da siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, katanga mai tsawo, ɗakinta har da makewayi a ciki. Amma an share filin tas kafin gini, ba itace ko ɗaya, tsakar gida siminti ne daga bango zuwa bango. Tagar ɗakinta ƙarama ce, hasken bai isa a zura zare ba. A hayaniyar sauke kaya kuma aka jefa buhunanta a sito, aka ɗora buhunan gero da wake a kansu. Ita mai kawaici ce, ba za ta ce a sauke hatsin gida saboda ita ba. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, kwano ya ɗauki zafi. Bayan azahar sai ta zauna a bakin ƙofa da carbi, hannu ɗaya a kan gwiwa. Abinci ya ragu, magana ta ragu, barci ya ƙaurace mata. In za ta ambaci tsohuwar unguwa sai ta ce "can gida." Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce jininta ya ɗan hau, aka ba ta magani tana sha.

Surukarta, matar ɗan nata, ita Allah ya ba basirar gano bakin zaren. Wata rana ta durƙusa ta ce, "Inna, ina bargon yarinyar nan? Biki fa yana matsowa." Gwaggo ta ce, "Yana inda anka aje shi." A ranar matar nan ta sa yara suka sauke hatsi suka fito da buhunan. Ta yi wa mijinta magana, aka kafa rumfa ta zana da kara a jikin katangar gabas, aka fasa siminti a kusurwa aka dasa dogon yaro, aka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Abin da aka kashe bai kai kuɗin ƙofa ɗaya ta gidan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Da ta koma ɗinki, sai ta buƙaci mai zura mata zare, jikoki suka jawo 'ya'yan maƙwabta. Yara suka koma gida da labari, iyayensu mata suka shigo gani. Wadda ta zo gani ta dawo da ƙyalle, wadda ta kawo ƙyalle ta zauna hira, wadda ta zauna hira ta ce a koya wa 'yarta. Wani matashin tela a bakin titi, wanda da ƙona ragowarsa yake yi, ya fara tara mata a leda. Kafin damina ta yi nisa Gwaggo ta san wadda ta haihu da wadda ba ta da lafiya a sabuwar unguwa, ana kiranta suna da gaisuwa, ana neman shawararta. Bargon jikarta ya kammala kafin ranar biki. Maganinta ba ta daina sha ba, amma abinci ya dawo, barci ya dawo, kuma "gida" a bakinta ya koma nufin inda take zaune.

Mutanen wannan yanki bai kamata a koya musu darasin ƙaura ba. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jama'arsa suka yi ta tashi daga zango zuwa zango: Magabci kusa da Yabo, Sabon Gari a Zamfara, sannan Gwandu. Wajen 1810 ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, sai a 1815 ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u tana yarinya aka yi wannan tafiya da ita, ta kuma ba da labarinta daga baya a Waƙar Gewaye. Cikin yunwa da yaƙi da tafiyar ƙasa, ba su yar da littattafansu da alƙalumansu ba, duk inda aka sauka karatu da rubutu sun ci gaba. An kuma ruwaito cewa Shehu da tufkar igiya yake neman abin da zai ci. Sun san cewa mutum ba ya zama a wuri sai abin da ya saba yi da hannunsa da zuciyarsa ya zauna tare da shi.

Darasin ya shafi mu duka. Ya shafi 'ya'yan da Allah ya buɗa wa suke gina wa iyayensu gidaje. Niyyarku mai kyau ce, amma hutun da za a raba tsoho da aikinsa da abokan hirarsa ba hutu ba ne. Kafin a zuba siminti a tambayi uwa inda take son zama da rana, a bar itacen da aka tarar, in babu a dasa tun ana aza harsashi. Ko kaɗi take yi, ko saƙar faifai, ko ɗinkin hula, ko kiwon kaji, a tanadar masa wuri yadda aka tanadi wurin mota.

Ya shafi iyayen amare. Muna cin bashi mu cika ɗaki da jeren da ba za a taɓa girki da shi ba, alhali yarinyar da ta iya ɗinki ko saƙa za a kai ta garin da ba ta san kowa ba. Keken ɗinki ɗaya ko ƙwaryar zare da allurai za su sama mata ƙawaye da abin sayen sabulu fiye da kabad cike da tangaran.

Ya kuma shafi hukumomi da masu taimako. Rashin tsaro ya kori dubban iyalai daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Rabah, wasu suna gefen birnin Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi a Nijar. Ana kai musu hatsi da tabarmi da barguna, kuma suna buƙata. Amma a cikinsu akwai matan da suka bar keke da almakashi da mazari suka gudu da ransu. A tambaye su abin da suka iya, a mayar musu da kayan aikinsu. Teloli ma suna da rawar takawa: ragowar yadin da ake ƙonawa ko ake zubarwa a kwata kullum a Sakkwato da Kano za ta iya rufe yara masu yawa a lokacin sanyi in ta isa hannun da ya iya.

Da tsohuwar zuma ake magani. Matan da suka iya wannan ɗinki suna ƙarewa, kuma ba a makaranta ake koyar da shi ba, a kan tabarma ake koyonsa. Mai karatu, in akwai irin wannan tsohuwa a gidanku, tura 'yarka ta zauna kusa da ita tun tana da sauran gani. In kuma tashi ya kama ku, kayan aikinta su zama na ƙarshen ɗaurewa a tsohon gida, su zama na farkon kwancewa a sabo. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu yadda za su ji daɗin kyautatawar.